Neman shawara kan tambayoyin LSAT game da hukunta kamfanoni masu aikata laifi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zana jarrabawar LSAT domin neman gurbin karatun lauya a Amurka ko Kanada, kuma sashen karatu da fahimta ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. A cikin tsofaffin tambayoyin da nake gwaji da su akwai nassin da ya tattauna yadda za a ƙayyade tarar kamfani idan ya aikata laifi. Nassin ya kawo ra'ayin wasu masana tattalin arziki da ke cewa ma'auni ɗaya ya wadatar, wato tarar ta zarce ribar da kamfanin ya ci daga laifin, daga nan marubucin ya kawo nasa bayanin. Idan aka tambayi abin da marubucin zai amince da shi, sai in ga amsoshi biyu duk sun yi kama da daidai. Don Allah wanda ya san kan lamarin ya taimaka.

Wata lauya ta amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Abin da za ka fara yi shi ne ka raba muryoyin da ke cikin nassin, domin marubucin yakan shimfiɗa ra'ayin wasu dalla-dalla kafin ya rushe shi, kuma masu shirya tambayoyin suna saka ra'ayin da aka rushe a cikin amsoshi don su kama mai gaggawa. A wannan batu, wurin da hujjar take juyawa shi ne yiwuwar a gano laifin. Ka ɗauka kamfani ya ci ribar dala miliyan 5 ta hanyar zubar da guba a kogi, amma cikin masu yin haka guda 10 ɗaya kawai ake kamawa. Tarar miliyan 6 ba za ta tsorata kowa ba, sai ta haura miliyan 50 kafin lissafin ya hana laifin, kuma tara irin wannan tana iya durƙusar da kamfanin, ma'aikatan da ba su ci ba su sha ba su rasa abin yi. Idan marubucin ya bi da kai ta nan, to yana nuna cewa lissafin riba da asara shi kaɗai bai isa ba, dole a duba nauyin laifin a idon al'umma. Wannan ce matsayarsa, kuma a kanta za ka auna kowace amsa.

Wani malamin jami'a ya ƙara da cewa:

Tushen ra'ayin waɗancan masana yana komawa ga masanin tattalin arziki Gary Becker, wanda a 1968 ya yi nazarin laifi da hukunci da ma'aunin tattalin arziki. Fargabar rushewar kamfani kuwa ta tabbata a 2002, lokacin da aka sami kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen da laifin hana shari'a aiki a badaƙalar kamfanin makamashi na Enron. Dubban ma'aikata sun rasa aikinsu, kuma ko da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 2005, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sanin waɗannan yana sauƙaƙa karatu, sai dai ina gargaɗinka da babbar murya, kada ka zaɓi amsa don ka san gaskiya ce a duniya. Amsar da ba za ka iya nuna layin da ya goyi bayanta a cikin nassin ba, ka bar ta.

Wani da ya zana jarrabawar ya ce:

Ni ta fuskar lokaci zan yi magana, ɗan'uwa. Minti 35 ake ba wa sashen, rukunin karatu huɗu ne, kowanne da tambayoyi 5 zuwa 8, saboda haka kada nassi ɗaya ya cinye maka fiye da minti 9. Idan amsoshi biyu suka rikita ka, ka duba wadda ta yi ƙarfi fiye da kima, mai cewa koyaushe ko ko kaɗan, alhali marubucin bai wuce cewa ma'aunin bai wadatar ba. Ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, don haka kada ka bar tambaya ko ɗaya ba ka cike ba. Tun daga watan Agusta na 2024 da aka cire sashen wasannin dabaru, sashen karatu shi ne ɗaya daga cikin sassa uku da ake ba wa maki, saboda haka ka ware masa kashi ɗaya cikin uku na lokacin bitarka. Allah ya ba da sa'a.