Sabuwar burauzar nan, an gama ta kuwa kafin a sake ta?

MaiKafe_Samaru

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kwamfuta ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Ina da ɗan kafe a Samaru, ba nisa da babban get ɗin ABU, aikinmu cike fom ne da firintin da biya wa ɗalibai kuɗin makaranta. Sati biyu da suka wuce ƙanena ya matsa min sai na sa wata sabuwar burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) da ake ta yayatawa, wai tana da AI, wato ƙirƙirarriyar basira, a ciki, tana taƙaita maka shafi har ma ta cike maka fom da kanta. Na sa ta a kwamfutoci biyu cikin huɗu.

Ranar Talata wata ɗaliba ta zo biyan kuɗi, mun cike komai, alat ya shigo wayarta an cire kuɗin, daidai wurin da risit zai fito sai shafin ya yi fari fat ya ƙame, na jira na jira ga janareta na shan mai ga layi a bayanta, da na sake loda shi sai ya mayar da ni farko kamar ban taɓa shiga ba. Yarinyar nan ta tsaya idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce kuɗin babanta ya sayar da buhun masara ya turo mata. Sai washegari muka samo risit ɗin a ɗaya kwamfutar. Ban da haka firintin ma rabi yake fitowa, gefen dama a yanke, takardar da na yi asara ta kai talatin.

Tambayata: laifin tsofaffin kwamfutocina ne (RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, 4GB ne), ko kuwa gaggawa aka yi aka sako mana abu ɗanye?

Injiniya_Kongo

Wa alaikumus salam. Malam Allah ya mayar da alheri. Ni dai a ganina ɗanye aka sako, kuma ba yau aka fara ba. A shekarar 2000 kamfanin burauza na Netscape sun ga burauzar Microsoft, Internet Explorer, na cinye musu kasuwa sai suka fitar da Netscape 6 tun injin da aka gina ta a kai bai nuna ba, ga nauyi ga yawan mutuwa ana tsakiyar aiki, mutanen da suka rage musu ma suka ƙara watsewa. Sai 2004 Firefox ta fito daga wannan zuriyar a nutse, kuma ka ga yadda aka karɓe ta.

Microsoft ma haka, sun fitar da Edge a 2015 tare da Windows 10 ba ta karɓar ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza kamar mai toshe talla, sai a 2016 aka kawo su. Shekara guda cur! Kafin nan kowa ya riga ya sauke Chrome ya manta da ita, ƙarshe dai suka ajiye injinsu suka sake gina ta a kan Chromium, injin da aka gina Chrome a kai, a farkon 2020. Opera kuma da ta koma Chromium a 2013 ta fito babu wurin ajiye shafuka irin wanda mutane suka saba da shi, tsofaffin masu amfani da ita suka yi ta ƙorafi.

Abin da ke faruwa yanzu shi ne kowane kamfani na tsoron a riga shi shiga kasuwar AI, to sai a saki abu a ce a gyara a hanya. Su gyara ne a wurinsu, kai kuma kwastoma ne a gabanka.

Abban_Sadiq_PZ

Injiniya da girmamawa, amma ban yarda da kai duka ba. Wace manhaja ce aka taɓa gamawa? Chrome ɗin da duk muke yabo a watan Satumba 2008 da tambarin gwaji ta fito, Windows kaɗai, ita ma babu waɗancan ƙananan manhajojin, kuma har gobe kusan duk wata sai an turo mata sabon gyara. Gmail ya shekara biyar yana ɗauke da tambarin gwaji, 2004 zuwa 2009, muna ta amfani da shi lafiya lau. Ni abin da nake dubawa shi ne, sun faɗa maka gaskiya cewa gwaji ne ko sun ɓoye? In sun rubuta ƙarara kai ka ɗora a kwamfutar sana'a to ka ga da sauƙi a ɗora musu laifi.

Sannan yawancin sababbin nan ai Chromium ne a ƙasansu, injin tsoho ne ya ga jiya ya ga yau, riga kawai aka sauya masa. Shi ya sa nake zargin abu biyu. 4GB ya yi kaɗan, Windows ya ci nasa, AI ya zo ya ci nasa, shafin biyan kuɗi ya rasa wurin numfashi. Na biyu irin waɗannan burauzar sukan zo da mai toshe talla a kunne, shi kuma shafin biya yakan tura ka wani shafi ya dawo da kai, in aka toshe hanyar dawowar sai ka ga fari. Ka kashe shi ka gwada da wani abu da ba na kuɗi ba tukuna.

MalamaTudunWada

Ni ku yi haƙuri, duk maganar ƙamewa da firintin ba ita ta fi tayar min da hankali ba. Ɗan'uwa kai fa lambar NIN ta yaran mutane kake shigarwa, da ranar haihuwa da lambar katin banki. AI da zai taƙaita maka shafi ai sai ya karanta shafin, to ina yake kai abin da ya karanta? A kwamfutarka ya tsaya ko ya tafi can wurinsu? Kuma akwai matsalar da masu yin irin waɗannan burauzar da kansu suka amsa cewa ba su gama maganinta ba, mugu zai ɓoye rubutu a cikin shafi wanda idonka ba zai gani ba amma AI ya karanta ya ɗauka umarni ne ya bi. Ƙanwata a irin shagonku ta yi rajista bana, wallahi da na san da irin wannan aka yi mata da hankalina bai kwanta ba. Amana ce a hannunka, don Allah ka cire ta daga inda ake biyan kuɗi ko da ta daina ƙamewa.

Injiniya_Kongo

Malama ta faɗi wadda ta fi tawa. Abban Sadiq, na yarda ba a gama manhaja, amma rashin wani kwalliya daban, ka saki abin da zai iya taɓa kuɗin mutane alhali ka san ƙofar baya a buɗe take daban.

MaiKafe_Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abban Sadiq na bi shawararka da daddare bayan na tashi daga aiki, na kashe mai toshe tallar, shafin ya daina yin fari, wannan ka canka daidai. Amma firintin yana nan yadda yake, takarda ɗaya na buga sau biyu, tsohuwar burauza ta fitar da ita cif, sabuwar ta yanke gefe, firinta ɗaya kwamfuta ɗaya. Na kuma koma shafin da na sauke ta na duba sama da ƙasa ban ga inda suka rubuta gwaji ba ne. Malama maganarki ta shige ni, na cire ta daga duka biyun yau da safe kafin ɗalibai su fara zuwa, na kuma goge duk abin da ta adana. Saura tambaya ɗaya, kalmomin sirrin da ta kwasa daga tsohuwar burauzar ranar da na sa ta, sai na canza su duka ko gogewar ta wadatar?