Sun ce sun gane, bayan mako guda 2/5 suka rubuto mini

Sabon Malami: Assalamu alaikum malamai. Shekarata ta biyu ke nan a aji, lissafi nake koya wa 'yan firamare biyar. Kwana uku na yi ina nuna yadda ake haɗa rabi da sulusi. Duk sanda na ce "Kun gane?" sai ajin ya ɗauka da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!" Da mako ya zagayo na ba su gwaji, akasari suka rubuto 1/2 + 1/3 = 2/5. Sama da sama, ƙasa da ƙasa, shi ke nan. Jikina ya yi sanyi. A wani taron bita an ce mana wani yaron da gani yake koyo, wani da ji, wani sai ya taɓa. Shin in raba su haka ne?

Tsohuwar Mai Alli: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka da rabon nan. A 2008 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi a kai, ba su sami hujja mai ƙarfi cewa daidaita darasi da "salon" kowane yaro yana ƙara masa fahimta ba. Matsalarka tambayarka ce. Wane yaro ne zai ce bai gane ba bayan abokansa sun amsa? Ni ma na daɗe ina cin wannan amsar da daɗi kafin in farga. Yanzu tambaya ɗaya nake rubutawa a allo, kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya ɗaga sama lokaci guda. Cikin minti ɗaya ka ga ajin gaba ɗaya. Da ka yi haka ranar farko, da tun a nan ka kama 2/5 ɗin. Irin wannan auna fahimta ana tsakiyar darasi shi ne abin da masana harkar koyarwa Black da Wiliam suka jaddada tun 1998.

Abu Lissafi: Ƙari a kan na Malama: wataƙila wasu sun gane ɗin, mantuwa ce ta cinye. Wani mai bincike kan mantuwa, Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farko. A gwajin da masu bincike Roediger da Karpicke suka yi a 2006, masu sake karanta rubutu sun fi ƙoƙari bayan minti 5, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno da ka ne suka wuce su. Sai ka ware minti biyar na farkon kowane darasi, littattafai a rufe: tambayar jiya, ta makon jiya, ta watan jiya.

Mai Aji Cike: To, duk mun ji. Amma manhajar karatu na bin mutum kamar bashi, ina za a samo minti biyar kullum?

Tsohuwar Mai Alli: Shi Malam yanzu wani kwana ukun zai sake kashewa a kan abin da ya riga ya koyar. Lissafa ka gani.

Sabon Malami: Na gode ƙwarai. Yau na gwada ɗaga takarda. Wata yarinya da kullum muryarta ta fi ta kowa a "Mun gane" ita ma 2/5 ta ɗaga. Na zana da'ira na raba ta shida, na ce ta nuna mini rabi. Ta ƙirga uku, ta tsaya tana kallon takardarta.