Hular kwanon wasa ta matse mini kai, yaya zan buɗa ta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu hular kwano ta roba, irin ta sojojin Rum na dā, don wasan kwaikwayo. Kyau dai ba a magana, amma tana matse ni daidai saman kunnuwa, minti 10 kaina ya fara sara. Gaba da baya kuwa har yatsa biyu suna shiga. Na hura mata na'urar busar da gashi, ko gezau. Ramin idon ma ya yi ƙanƙanta. Ba na so in ɓata ta, a taimaka mini.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata da zafin nan sai ka san da me aka yi ta. Leƙa cikinta. In ka ga zare-zare a daskare cikin gam, faibagilas ce, zafi ba ya tausasa ta, ƙonewa kawai za ta yi. In ka ga siraran layuka jere a kan juna, injin 3D ne ya buga ta, galibi da robar da ake kira PLA, wadda ke saki tun a digiri 60 na ma'aunin Celsius, ruwan zafi ya ishe ta. In sumul take ciki da waje, wataƙila robar da ake kira ABS ce, ita sai wajen digiri 105. Ɗiga asiton (ruwan goge fentin farce) kaɗan a ciki inda ba a gani; in wurin ya yi danƙo, alama ce ta ABS.

Mai tambaya: Na ɗiga, ya yi danƙo har ya kama auduga.

Amsa ta 2: To na'urar gashi ba za ta kai ba, nemi na'urar hura zafi ta masu fenti. Fara yanke katako da ya ɗara faɗin cikin hular da santimita 1, ka naɗe bakinsa biyu da tsumma. Hura zafin daga ciki saboda fentin waje, da tazarar kamar taƙi guda, hannunka na yawo kada ya tsaya. Dumama faffaɗan wuri, ba inda ke matsewa kaɗai ba. Ni gaggawa ta sa na tsaya wuri ɗaya, robar ta yi ƙyalli ta lotsa kamar an danna babban yatsa, har yau tabon na nan. Da ka ji ta fara bin hannu, tura katakon a gicciye tsakanin gefe da gefe, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma har ta huce. Gara ka maimaita sau uku a hankali. Kuma don Allah kada ka gwada ta a kanka da zafinta.

Amsa ta 3: Ramin ido ba aikin zafi ba ne. Manna tef, zana sabon layi, ka ci shi da magagari kaɗan-kaɗan, sannan samfefa mai lamba 220, ka ƙare da mai lamba 400 wadda ta fi laushi. Sa takunkumi, ka buɗe taga.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Zagaye biyu na yi, kunnuwa sun sarara. Yanzu gaban ne ke ɗan girgiza, zan liƙa soso a goshi.