Shin lissafin iskar kabon na intanet ya dace da mu?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Na gwada wani shafin intanet mai lissafa iskar kabon (iskar da ke jawo ɗumamar yanayi) da mutum ke jawowa a shekara, sai ya tambaye ni kuɗin ɗumama gida da yawan hawa jirgin sama, bai ko ambaci itacen girki ba. Shin sakamakonsa abin dogaro ne?

Amsa daga Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin irin waɗannan shafukan domin mazauna Turai da Amurka aka tsara su. Gara ka ƙirga man da janareta da babur suke sha, domin kowace litar fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon.

Amsa daga Argungu:
Ni injin ban ruwan shinkafar rani ne yake cinye mini mai, kuma da na rasa gurbinsa a irin wannan shafin, a gurbin man mota na cusa shi.