Wane suna ya dace da zaren hasken da aka ɗura wa ruwa?

Malamai da ɗalibai, an riga an yi ittifaƙi a kan kiran faiba, wato siririn zaren gilashi da ake aika haske ta cikinsa, da "zaren haske", kuma ina ganin ya fi "wayar gilashi", domin waya tana sa mai karatu ya tuna da ƙarfe da lantarki, alhali haske ne kawai ke bi ta cikinsa. Abin da ya rage shi ne sunan irin da tsakiyarsa ba gilashi ba ce, wato siririn bututun silika (tataccen gilashi) da aka cika da ruwan sinadari.

Wasu sun kawo "zaren haske mai ɗuri", kuma kalmar ta yi armashi, tunda ɗuri shi ne zuba ruwa ta ƙuntataccen baki. Sai dai tana faɗin yadda aka haɗa abin ne, ba ta faɗin inda hasken yake tafiya, kuma a nan duk muhimmancin yake. Akwai zaren da ake cika ramukan gefensa da ruwa yayin da hasken ke bin gilashin tsakiya, akwai kuma wanda ruwan kansa ne hanyar hasken. Shawarata ita ce "mai ɗuri" ya zama sunan da ya game su duka, na biyun kuma a kira shi "zaren haske mai ɓargon ruwa", domin ruwan yana kwance a tsakiya kamar ɓargo a cikin ƙashi.

An yi ƙorafin cewa "ruwa" zai sa a ɗauka na sha ne. Ƙorafin yana da tushe a kimiyyance, saboda haske ba ya tsaruwa a ɓargo sai ma'aunin lanƙwasa haske na ɓargon ya fi na bangon da ke kewaye da shi. Na silika kusan 1.46 ne, na ruwan sha 1.33, don haka hasken zai zurare ta gefe. Na ruwan sinadarin kabon disalfaid kuwa ya kai kusan 1.63, shi ya sa masu bincike suke yawan amfani da shi duk da gubarsa da saurin kamawarsa da wuta. Amma Hausa ta daɗe tana cewa ruwan batir da ruwan allura ba tare da an rikice ba, saboda haka ban ga dalilin guje wa kalmar ba.

Fannin da zaren ya fi amfani a cikinsa shi ne ya fi wuyar suna. A Turance ana kiransa "nonlinear optics", an kuma fassara shi da "ilimin haske marar miƙaƙƙen layi", wanda a ganina zai ɓatar da ɗalibi, domin zai zaci hasken ne ke karkacewa. Ainihin maganar ita ce idan haske ya yi tsanani, irin na leza, abin da yake ratsawa ya daina amsawa gwargwadon ƙarfinsa, har sababbin launuka su fito, kamar yadda Peter Franken da abokan aikinsa suka nuna a Jami'ar Michigan a 1961. Don haka nake ba da "ilimin haske na saɓa-gwargwado".

A wannan fanni kabon disalfaid ya fi silika amsawa da kusan ninki 100, kuma wani ɓangare na amsar yana zuwa da ɗan jinkiri, saboda ƙwayoyinsa dogaye ne kuma sai sun juya sun bi hasken, abin da daskararren gilashi ba zai iya ba. Tun a 1970 Erich Ippen ya samar da hasken Raman, wato sabon launin da ke fitowa idan haske ya yi mu'amala da girgizar ƙwayoyin sinadari, da irin wannan zare a ɗakunan binciken Bell a Amurka, a 1972 kuma David Payne da Alec Gambling suka gwada shi don sadarwa a Southampton ta Ingila, kafin zaren gilashi zalla ya mamaye wannan aiki. A 2017 masu bincike a Jena ta Jamus sun baza bugun leza mai launi ɗaya ya zama faffaɗan jerin launuka a cikinsa. Wannan bazuwar tana buƙatar nata sunan, kuma ina gabatar da "shimfiɗar launuka" don malamai su duba.