Kunamar fistol ɗina ta yi tauri: wa ya taɓa fama da haka?

Kofur, Gusau:
Assalamu alaikum, manyanmu. Beretta 92 aka ba ni ta aiki. Harbin farko sai na matse kunama da ƙarfi har bakin bindigar ya sunkuya, na biyu kuwa da ɗan taɓi ta tashi. Wani ya ce in kai wa maƙeri ya sassauta ta. Wanda ya taɓa riƙe irinta ya taimaka mini.

Tsohon Saje, Zuru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Jan farko shi ke ɗana gudumar da ke sa harsashi ya tashi kuma ya sake ta, shi ya sa nauyinsa yake kai wajen kilo 5. Daga nan bindigar ke ɗana kanta, nauyin ya sauko kilo 2 da 'yan kai. Maganar maƙeri kuwa, kul! A gabana wata bindiga da aka goge wa ciki ta zame daga benci, ta tashi ba wanda ya taɓa ta, harsashi ya huda kwanon rufi, mu huɗu muna zaune. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Kuma kayan gwamnati ne, in ban da jami'in ma'ajiyar makamai babu mai hurumin buɗe cikinta.

Sufeto, Birnin Kebbi:
Gaskiyar Baba Saje. Ni Glock 17 nake riƙewa, nauyin kunamarta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kusan kilo 2 da rabi. 'Yan sandan New York ma da gangan suka taɓa ƙara wa tasu nauyi ya haura kilo 5, saboda yatsan mai firgici ba ya jiran umarni. Da tawa ta fara ƙeƙasa, ƙurar hunturu ce ta cakuɗe da mai ta zama danƙo. A ma'ajiya aka wanke ta, aka auna, ta koma daidai.

'Yar sanda, Talata Mafara:
Yallaɓai, ni tafin hannuna ne ƙarami. Malaminmu na filin harbi kan cire magazin, wato gidan harsasai, ya leƙa ciki, ya sake leƙawa, sannan ya ɗora kwabo a kan bindigar ya ce in ja a hankali kada ya faɗi. Da farko ko rabi ba na kaiwa yake faɗuwa. Yanzu yana zaune daram, kuma ba a rage wa kunamar komai ba.

Kofur, Gusau:
Na gode, Allah ya saka. Litinin zan kai ta ma'ajiya a auna.