Yaya zan haɗa 'yan haya biyu masu adireshi iri ɗaya a OpenStack?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina kula da wata ƙaramar cibiyar ajiyar bayanai a Gusau da ke aiki da OpenStack (manhajar da ke raba sabobi da hanyoyin sadarwa ga masu amfani daban-daban), kuma kwana huɗu ke nan na kasa haɗa 'yan haya biyu (wato masu amfani biyu da kowannensu ke da nasa keɓaɓɓen sashe a cibiyar), domin kowannensu yana amfani da rukunin adireshi iri ɗaya, wato 10.0.0.0/24. Na buɗe musu hanyar sadarwa ta tarayya da RBAC (tsarin ba da izinin wanda zai iya amfani da ita), na haɗa rautocinsu (na'urorin da ke tura saƙo tsakanin hanyoyin sadarwa) a kanta, amma saƙon ba ya fita ko kaɗan, saboda sabar ɗan haya ɗaya tana ɗaukan sabar ɗayan a matsayin maƙwabciyarta ta cikin gida. Sauya adireshi kuwa ba zai yiwu ba, manhajar albashinsu za ta tsaya. Shin akwai yadda zan yi NAT (sauya adireshin da ke kan saƙo yayin da yake wucewa) tsakaninsu ba tare da saƙon ya bi ta hanyar waje ba?